Katangar Doña Eulalia

Ni ke zana layin fili, ran Asabar da sassafe,
Bokitin farar ƙasa a hagu, igiya a dama,
A unguwar Cerro ta Montevideo,
Inda iskar kogi ke shiga riga ba sallama.

Shekara talatin na yi ina fiɗa a mayanka,
Da suka rufe ta, fili ya gaje ni.
Yaranmu 'yan shekara tara ne, riguna sun fi su girma,
Lamba bakwai ta sauko har gwiwar Nahuel,
Mai tsaron gida, Bautista, yana tsoron kare,
Amma ba ya tsoron takalmin kowa.

Bayan ragar arewa akwai katanga,
Bayan katangar akwai Doña Eulalia.
Ƙwallon da ya tsallaka ya yi ban kwana da duniya.
Mun aika yara da ladabi, ta ce ba ta nan,
Mun aika shugaban ƙungiya, ta watsa masa ruwan wanki.
Ni kuwa lissafi nake da alli a bayan ƙofar sito:
Goma sha huɗu cikin shekara shida.

Ran wasan rufe kaka, yaran La Teja suka zo,
Da ganga biyu da motar haya guda.
Asusunmu ƙaf, ƙwallo ɗaya ya rage mana,
Shi ma ya sha faci kamar wandon makaniki.
Iyaye sun jingina da waya, kofin mate na zagayawa,
Man suya na tsartsatsi a rumfar uwar Bautista.

Ɗaya da ɗaya, saura minti shida.
Ximena ta yanke mutum biyu,
Yarinyar da ubanta ke tuƙa bas mai lamba ɗari da ashirin da biyar,
Ta ɗaga kai, ta ga raga, ta saki ƙafa.
Ƙarfi ya yi yawa.
Muka bi shi da ido yana hawa kamar farashin nama,
Ya haye turke, ya haye katanga,
Muka ji ƙarar tukunyar fure.

Ganga ta yi shiru.
Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya dube ni,
Ni na dubi farcen ƙafata.
Ximena ta ja wuyan riga ta rufe fuska.

Sai ga abu ya faɗo daga sama, tim!
Ba namu ba ne.
Tsohuwar fata ce, ɗinkin hannu, baƙa ƙirin don tsufa,
An rubuta Aníbal a jikinta da fenti.
Kafin mu rufe baki wani ya biyo, wani ya biyo,
Fari, ja, saɓaɓɓe, mai tabon haƙorin kare,
Yara na gudu suna tara hannu kamar ana ruwan ƙanƙara.
Na ƙirga da yatsa: goma sha biyar, ban da baƙon.

Aka ci gaba da wasa.
Suka ci mu biyu da ɗaya, gaskiya ɗaya ce,
Bautista ya yi kuka, sannan ya ci gurasa uku.

Da yamma na kai mata tsohuwar fatar.
Ba ta buɗe ba, ta kafar ƙofa ta yi magana:
"Bar wa yarinyar.
Shi ma haka yake bugu, kullum sama.
Ya tafi Sifen neman aiki yana ɗan sha tara,
Wasiƙa uku, daga nan sai iska."
Na tsaya riƙe da hula, na rasa ta cewa.
Ta ce, "Tukunyar furen kuma, ku za ku biya."

Mun biya.
Da sabuwar kaka ta kama, Asabar ta farko,
Nahuel ya ɗaga wani ya haye katanga.
Muka jira, muka jira, har inuwa ta juya.
Na shiga sito, na goge tsohon lissafi da hannun riga,
Na ja layi ɗaya.